Darasin Awa Biyu

Sau biyu Kanar Abdulwahab yana wuce ƙofar kantin maganin kafin ya iya shiga. Mutumin da ya shekara talatin yana ba sojoji umarni, yau ƙofar gilashi ta gagare shi. Hajiya Safiyatu, matar marigayi amininsa, tana jera kwalabe a firiji. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a wannan kanti da ke kusa da dutsen Uhudu, kuma a nan labarin rasuwar ɗanta, Laftanar Lurwanu, ya riske ta.

"Kanar, ka zo Umara ba ko sanarwa? Tafaddal, zauna."

"Wurinki na zo, Hajiya. Gafara nake nema. Shekara biyar ina ɓoye miki wani abu."

Bai zauna ba. Ya faɗa mata yadda aka ɗauke shi rana tsaka daga sashen manyan bindigogi, aka ba shi ofishin sayen kayan yaƙi, ba kwas ba komai. Aikinsa na farko shi ne sayo na'urorin oba-oba na sadarwa. Ya gwada su a filin bariki da rani, murya tana fita tar, ya sa hannu yana jin kansa gwani. Aka tura su da dakarun kiyaye zaman lafiya zuwa wata ƙasa mai kurmi, inda ruwa ke kwana yana zuba. Laima ta shige su. Ranar da aka yi wa su Lurwanu ƙawanya, sun yi ta kiran ɗauki, ba wanda ya ji su.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini ana gwada kaya a irin wurin da za a yi aiki da su," in ji Kanar. "Ni kuma kunya ta hana ni tambaya."

Safiyatu ta dubi kwalbar da ke hannunta. "Ko wannan maganin tari, an rubuta zafin da zai iya jurewa."

Zuciyarsa ta karye. Ya ce tun da ya yi ritaya yake koyar da hafsoshin da za a ba irin wannan ofis: yadda ake jin buƙatar sojan da zai riƙe kayan, da tanadin kayan gyara. Amma darasin gwaji shi yake fara yi musu.

"Tayyib, na ji. Shi wannan darasin, kwana nawa ake koyar da shi?"

"Awa biyu ne, Hajiya."

Ta mayar da kwalbar, ta rufe firijin a hankali.

"Awa biyu," ta ce. "Naƙudarsa ma ta fi haka daɗewa."

Ya tsaya yana jiran kalmar da ta kawo shi tun daga Kaduna. Aka kira sallar La'asar, maƙwabta suka fara jan ƙofofin shagunansu.

Safiyatu ta ɗauki mukulli. "Za mu rufe, Kanar. Lokacin salla ya yi."