Agogon Yana Hannuna

Ƙarfe shida da rabi na safe, yayyafi ya ɗauke amma titin bai bushe ba. Ni da Yaya muna tsaye cikin ɗaruruwan mutane, kowa da lamba maƙale a ƙirji. Gasar gudu ce ta kilomita goma. Ni wanki da guga nake yi, shi kuma fenti, kuma shekara biyu ke nan muna fita gudu tare kafin masu shaguna su buɗe.

Wata uku kafin ranar gwiwarsa ta dama ta kumbura. Likitan ƙashi ya yarda ya shiga gasar, amma da sharaɗi: gudu minti huɗu, tafiya minti ɗaya, haka har ƙarshe. Yaya ba ya ganin ƙananan lambobi sai da tabarau, shi ya sa agogon ya dawo hannuna. Matarsa, da nake ce wa Anti, ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce, "Auta, amana na ba ka. Wannan da kake gani, in iska ta bugi fuskarsa mantawa yake da furfurarsa."

Kilomita biyar na farko mun bi ƙa'ida. Na ce tsaya, mu taka. Na ce tashi, mu ɗora. Duk sanda muka taka sai mutane su yi ta wuce mu, har da wani mai tumbi da ke numfashi kamar tsohon injin niƙa. Ni kuwa ranar jikina sakayau yake, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Da minti huɗu suka sake cika, na dubi agogon, na dubi mai tumbin nan a gabanmu, na yi shiru.

"Bai yi ba tukuna?" in ji Yaya.

"Saura kaɗan," na ce.

Sau biyu ya tambaya, sau biyu na ba shi wannan amsar. Mun yi kusan minti goma sha uku ba mu taka ba. A gangaren da ke bayan gada na ji ya ja numfashi ta haƙora, na juyo na gan shi dafe da sandar fitilar titi, ƙafar dama a ɗage. A motar asibiti ya ƙarasa. Ni ma ban ƙarasa gudun ba.

Mako uku yana kwance a falo, ƙafa kan filo biyu. Kullum da yamma in na rufe shago sai in biya. Ina zaune zai ɗaura tawul a tafin ƙafa ya ja, ya ƙirga goma, kamar yadda aka koya masa. Tsaninsa na fenti yana jingine a tsakar gida, Anti har shanya take yi a kai.

Wata rana ya ajiye tawul ɗin tun bai kai biyar ba.

"Wahalar banza ce," ya ce. "Mun bi maganar likita tsaf, huɗu da ɗaya, ga inda ta kai ni. Ƙafar ce ta ƙare. Ka ɗauki takalman nan in sun yi maka."

Anti tana yanka albasa a bakin kicin. "Ka ji shi ko? Jiya ma bai motsa ƙafar ba sam."

Na dubi takalman a ƙarƙashin kujera.

"Yaya, ba mu bi ba."

"Me ba mu bi ba?"

"Maganar likita. Bayan kilomita biyar ban ƙara ce maka ka taka ba. Lokaci ya yi, na gani, na ce saura kaɗan. So nake mu wuce mutane."

Wuƙar Anti ta tsaya. Yaya ya daɗe yana kallon fanka.

"Minti nawa?"

"Sha uku."

"Sha uku," ya maimaita a hankali. Sai ya juya fuska bango. "Je ka, Auta. Magariba ta kusa."

Anti ba ta raka ni ƙofa ba. Kwana huɗu ina zuwa ina gaishe shi, ya amsa da ka kawai. A shago har na ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta, saboda hankalina ba ya kan dutsen guga.

Rana ta biyar na biya da sassafe. Na same shi zaune a dakalin ƙofar gida, sanye da gajeren wandonsa na gudu. Anti na tsaye a kansa da wayarta.

"Minti goma likita ya ce, tafiya kawai," ta faɗa masa, ba ni ba. "Ni zan duba lokacin."

Ya ɗaura takalmin hagu. Na dama kuwa gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ya miƙa hannu bai kai igiyar ba. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe.

Na durƙusa na ja igiyar, ban matse sosai ba saboda kumburin, na yi ƙulli biyu yadda yake so. Bai dube ni ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya fara takawa a hankali ta gefen kwata, Anti na biye da shi.