Kaset ɗin da Na Goge

Ni na goge kaset ɗin. Ba ɓarawo ba, ba jami'an tsaro ba, ni da yatsana.

Maƙwabcina ɗan jarida ne, shekara talatin yana bin yaƙi da rakoda a jaka. A layinmu Mai Tambaya muke ce masa, don ko ruwa ka ce za a yi sai ya ce, "Wa ya gaya maka?" Da ciwon huhu ya kwantar da shi, matarsa ta kawo min tsohuwar rakodarsa shagona na gyaran rediyo. Na canza bel ɗin da ke juya kaset, na danna jan maɓallin ɗaukar murya don gwaji, ban duba ciki ba. Muryata ina zagin akuyar da ke tauna min wayoyi ta hau kan hirarsa a daji da wani shugaban mayaƙa da ake ce wa Kwamanda.

A hirar nan Kwamanda ya faɗa da bakinsa shi ya sa aka kashe malaman makaranta goma sha bakwai. Gidan rediyo ya ji tsoron sakawa a lokacin. Yanzu mutumin ya ajiye bindiga, ya kafa jam'iyya da sunan addini, yana rantsuwa ko kaza bai taɓa yankawa ba. Ranar Litinin kwamitin bincike zai zauna, kaset ɗin ne kaɗai shaida.

Da safe na shiga na same shi jingine da filo uku, robar iska a hanci, injin yana gurnani a gefen gado. Na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Ka ji ta bakin akuyar?" ya tambaye ni.

"Malam, ka zage ni kawai."

"Zagi numfashi yake ci. Kawo sabon kaset. Wannan karon da izinina za ka danna."

Ya sa matarsa ta nemo lambar Kwamanda. Na yi gwaji, na gaya masa gaskiya: ƙarar injin za ta cinye maganar, ba abin da za a ji.

"A kashe shi."

"Wallahi ba da hannuna ba, Baban yara," in ji matarsa.

Ya kalle ni. Ni na jawo abin, ni na zare filogin. Matarsa ta kira lambar, ta ƙara muryar wayar, na danna jan maɓalli.

"Kwamanda, tsohon ɗan jaridarka ne. Likita ya sallame ni, na ce in nemi gafara. Na zalunce ka."

"Allah ya yafe mana," in ji muryar, a sake.

"Na gano ashe mataimakinka ne ya yi aikin malaman nan. An ce ranar kana kogo kana fama da gudawa. Haka zan gyara a littafina."

Leɓen Mai Tambaya ya fara yin baƙi, matarsa ta cusa mayafi a baki.

"Wannan yaron? Wanda ke ɗaukar min buta?"

"An ce shi mayaƙa ke tsoro."

"Ƙarya ne. Ni na ba da umarni, ni na tsaya a ƙofar makarantar aka fito da su ɗaya bayan ɗaya."

"Su goma."

"Sha bakwai. Kai ka tsufa."

"Na tsufa," ya ce, ya yi min alama da ido. Na mayar da filogin. Minti goma sha ɗaya injin ya yi a kashe.

Kafin in fita na ɓalle haƙoran kaset ɗin da sukudireba, yadda ba mai sake goge shi, har ni.

Ranar Litinin aka saka shi a gaban kwamiti, gidajen rediyo suka ɗauka. Duk layinmu ya cika ƙofar shagona. Da aka zo "sha bakwai", wata tsohuwa da ɗanta ke cikin malaman ta zauna a ƙasa tana ambaton sunansa. Kafin la'asar an kama Kwamanda.

Na ruga na gaya masa. Bai buɗe ido ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Kai ka gaya min, a rediyo."

Ya yi murmushi. Likita ya ce mintunan nan sun cinye masa wata biyu. Ranar Laraba da hantsi matarsa ta kashe injin da hannunta, ta naɗe robar, ta ɗora a kan rakodar.