Takardar Riskuwa a Aljihun Tebur

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, likitoci biyu 'yan dangi ɗaya suka kwaso kayansu daga Sakkwato suka dawo gida. Malami ɗan gidan malamai ne a Birnin Kebbi, mai kaifin kai, wanda bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Riskuwa kuwa ɗan gwaggonsa ne daga Zauro, inda iyayensa ke noman shinkafa a fadama. A gidan su Malami ya yi karatu, kuma duk dangi sun san da ba don Malami ya riƙa zaunar da shi yana koya masa lissafi ba, da Riskuwa bai ga ƙofar jami'a ba. Ko a can ma sai da ya maimaita shekara guda.

Sabuwar jiha na neman masu ilimi, don haka ba a daɗe ba aka ba Malami babban ofis mai kula da likitoci, da mota da direba. Riskuwa aka tura shi wani ƙaramin asibiti a Argungu.

A shekara ta biyu wata ƙungiyar agaji ta kawo kayan gwajin jini da firiji, tana neman likitan da zai binciki yadda ƙanjamau ke yaɗuwa a yankin. Malami suka fara yi wa tayi. Ya saurare su cikin ladabi, ya ce ayyuka sun yi masa yawa. A zuciyarsa kuwa bai ga yadda ɗan gidansu zai yarda a haɗa sunansa da cutar da ko ambatonta mutane ba sa yi sai sun rage murya ba. Da hannunsa ya rubuta musu sunan Riskuwa. Da yamma ya ba matarsa Hauwa'u labari yana dariya, ya ce ya samo wa taubashinsa abin da zai hana shi barcin rana.

Riskuwa ya karɓi aikin kamar ba shi da wani abin yi a duniya. Ya ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur, ya bi masunta bakin gulbi, ya bi direbobi tasha, ya zauna da mata masu zuwa awon ciki yana yi musu bayani har su yarda a ɗebi jininsu. Mutanen gari suka laƙaba masa Likitan Ƙanjamau. Wasu suka daina ba shi hannu a masallaci. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso Birnin Kebbi, Malami kan girgiza kai ya ce, "Allah sarki Riskuwa," kuma har cikin ransa tausayinsa yake ji.

Tausayin ya ƙare wata Talata, bayan shekara huɗu. Wata farfesa daga kudu ta shigo ofishin Malami da jakarta a kafaɗa. Ya miƙe ya tarbe ta, ya fara gabatar da kansa, sai ta tambaye shi ko ta nan ake bi a je wurin Dakta Riskuwa. Ta zaro wata mujallar likitoci ta ƙasar waje ta buɗe masa. Ga sunan Riskuwa a sama, ga Argungu a rubuce, shafi tara cur. Ta ce ba wanda ya taɓa bin masunta masu tafiye-tafiye a kan ruwa ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla kamar haka, kuma ɗalibanta duka sai sun karanta shi. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Kai ma kana cikin masu taimaka masa?"

Malami ya ce, "Ni na tura shi can."

Ta ce madalla, ta wuce.

Daga nan katuna suka fara zuwa. A wancan zamani in masani ya ga maƙalar da ta burge shi, kati yake aikowa ta gidan waya yana roƙon a aika masa kwafi. Da yake akwatin gidan wayan ofis Riskuwa ya sa a maƙalar, kowane kati sai ya bi ta teburin Malami. Daga Dakar, daga Nairobi, daga biranen da Malami sai ya duba taswira kafin ya san inda suke. Yakan juya katin ya karanta sunan mai aikowa, ya sake karanta na Riskuwa, sannan ya jefa a kwandon saƙon Argungu. Ya samo mujallar ya karanta maƙalar sau uku. Turancin ba wani mai daɗi ba ne. Da shi ya rubuta, da ya fi haka kyau nesa ba kusa ba. Wannan tunani ne ke ci masa rai a mota, a kan tabarmar cin abinci, har a sahun salla.

Hauwa'u ta lura. Wata rana tana zuba masa miya ta ce, "Ni dai tun da waccan mata taz zo ban ƙara ganin ka cinye tuwonka ba."

Ya ce, "Aiki ne."

Ta ce, "To, Allah shi sawwaƙe aikin." Ba ta ƙara ba, amma ya san ta gane.

Bayan damina wata takarda ta iso daga masu shirya babban taron masana a wata ƙasar Afirka ta Yamma. Suna gayyatar Riskuwa ya yi jawabi a gaban taron, su za su ɗauki nauyin tafiyar. Abu ɗaya suke bukata, shugabansa ya sa hannu cewa an sallame shi, kafin ƙarshen wata. Malami ya karanta, ya ɗauki biro, ya ajiye. Ya ja aljihun tebur ya sa takardar a ƙarƙashin wasu fayiloli. Ya gaya wa kansa ba hanawa ya yi ba. Hakkinsa ne ya tabbatar aikin na da inganci kafin a kai sunan jiha waje.

Ranar Alhamis ya sa direba ya kai shi Argungu ba tare da ya aika ba. Ya tarar da Riskuwa a ɗan ɗakin gwajinsa, firiji na gurnani a lungu, yana magana da wani masunci mai suna Dikko wanda ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Riskuwa na riƙe da hannunsa yana gaya masa yadda zai kare matarsa. Da mutumin ya fita, Riskuwa ya washe baki.

"Yaya Malami da kanshi. Yau manya sun tuna da talakawa."

"Littattafanka niz zo dubawa," in ji Malami.

Riskuwa ya kwaso su da murna, manyan littattafai goma sha ɗaya, ba suna ko ɗaya a ciki sai lambobi, don kada asirin kowa ya tonu. Malami ya zauna tun hantsi. Aka kawo masa shinkafa da kifi, bai taɓa ba. Yana bin layi da ɗan yatsa, yana haɗawa yana rabawa, kuma duk shafin da ya samu daidai sai ya ji kamar an ƙara masa nauyi a ƙirji. Can wajen la'asar ya samu abin da ya zo nema. Wasu masunta da aka gwada a Argungu an sake gwada su a wani ƙauyen bakin ruwa, ga lambobinsu sun maimaitu, aka lissafa su sau biyu. Kuskure ne na gaske, kuma ya shiga maƙalar da aka buga.

Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙafa. Ya kira Riskuwa, ya nuna masa a hankali, yana kallon fuskarsa, yana jiran ya ga ta faɗi.

Riskuwa ya duba, ya sake dubawa, ya dafe kai. Sannan ya yi dariya. "Wallahi haka ne. Masana uku sunka duba wanga aiki kafin a buga shi, ba wanda yag gani. Ai na san kanka ba irin namu ba ne. Gobe zan rubuta musu a gyara, kuma da sunanka za a gyara."

Malami bai shirya wa wannan ba. Ya zo da niyyar ya ga mutum ya ƙasƙanta, ga shi ana yi masa godiya. Ya ɗauki hularsa. A bakin mota Riskuwa ya tambaye shi ko wata takarda ta iso daga masu taro, don sun yi masa waya sun ce sun aiko.

Malami ya ce, "Ban gan ta ba tukuna."

Ya shiga mota, direba ya kama hanyar Birnin Kebbi.

Wata ya ƙare takardar na nan inda take. Sai ranar huɗu ga sabon wata ya zaro ta ya sa hannu, ya aika Argungu da ɗan rubutu cewa an same ta cikin wasu fayiloli. Masu taro sun riga sun ba wani gurbin.

Bayan mako biyu suka haɗu a Zauro wajen sunan jikan Gwaggo Uwa, mahaifiyar Riskuwa. Tsohuwar ta riƙe hannun Malami tana sa masa albarka, tana gaya wa mata cewa duk abin da ɗanta ya zama, wannan ne sila. Da aka watse, Riskuwa ya ja shi suka taka zuwa bakin fadama, inda ake shanya shinkafa.

Ya ce, "Yaya, akwai hatimin ofishinku a bayan takardar, da ranar da anka karɓe ta."

Malami ya kau da kai, Riskuwa ya ci gaba.

"Ba zan gaya ma kowa ba, balle Inna. Amma ina son ka san na sani. Abin da ban gane ba shi ne, mi nike da shi wanda ba ka da shi? Kai ke da ofis, kai ke da mota. Ni mutane ko ruwa ba su son sha a kofina."

Malami ya kalli buhunan shinkafa. Ya so ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ya ga ba amfani. Ya ce, "Ni anka fara kawo ma wanga aiki."

"Na sani. Ka ƙi shi."

"Na ƙi shi."

Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Suka koma cikin gida aka ci abinci.

Rashin zuwa taron bai rage wa Riskuwa komai ba. Gyaran ya fito a mujallar, da layi ɗaya na godiya ga Dakta Malami a can ƙasa cikin ƙananan haruffa, kuma masana suka ƙara amincewa da mutumin da ya tona kuskurensa da kansa. Wasu masu bincike suka bi hanyarsa a bakin wasu koguna, kowa ya rubuta sai ya kafa hujja da aikin Argungu. Da aka zo tsara yadda za a riƙa wayar da kan masunta da direbobi, da alƙalumansa aka yi aiki, kuma Malami ne ya karanta jawabin buɗe taron, ya ambaci sunan taubashinsa sau biyar, yana ƙirgawa. Kafin shekarar dubu biyu wata jami'a ta ɗauke Riskuwa.

Malami ya kai shekara arba'in da biyar lokacin da ya fara zuwa Ambursa duk Asabar, shi kaɗai, yana tattara bayanai kan tsargiya, cutar fitsarin jini da ke damun masu aiki cikin ruwan fadama. Ya gane aikin ya fi yadda ya zata wuya. Manoma su yi masa alkawari su ƙi zuwa, kwalabe su fashe a hanya. Mujallu biyu suka dawo masa da maƙalar. Hauwa'u ta ce ya aika wa Riskuwa ya duba masa, ya ce ko kusa. A ƙarshe wata ƙaramar mujalla ta cikin gida ta buga ta, shafi huɗu.

Da Babbar Salla Riskuwa ya zo gida, furfura ta fara cin gemunsa. Baƙi suka cika zauren gidan su Malami, kuma kowa ya shigo Farfesa Riskuwa yake fara gaisarwa. Malami na gefe yana yanka nama. Da zauren ya yi sauƙi, Riskuwa ya matso ya ɗauki tsoka ɗaya.

Ya ce, "Na karanta aikinka na Ambursa. Yadda kar raba masu dashe da masu girbi, ban taɓa ganin wanda yay yi haka ba. Na ba ɗalibaina biyu su karanta."

Malami ya ce, "Ɗan abu ne kawai," ya ci gaba da yanka.

Amma ba a jima ba ya ajiye wuƙar. Daɗin maganar ya cika shi fal, kuma haushin kansa ya kama shi ganin cewa duk duniya bakin da ya fi so ya ji wannan yabo daga gare shi, shi ne na Riskuwa. Ya tura masa farantin naman gaba ɗaya, ya tambaye shi sunayen ɗaliban.