Gungumen da Ya Ratsa Gida Biyu

Zarton ya ci kusan yatsa biyu a cikin gungumen kafin Lakpa, shugaban magina, ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya durƙusa, ya zura hannu ta inda katakon ya shige cikin bango, ya daɗe yana lalube. Sannan ya kira mai gidan.

Herakaji ya hawo yana haki. Tun da safe aka kwashe jan tayal ɗin rufin, yanzu hawa na huɗu ba komai a kansa sai sararin samaniyar birnin Patan, ga hadari yana haɗuwa ta kudu. Lakpa ya nuna masa: gungumen da ke ɗauke da rufin bai tsaya a bangon ba, ya ratsa ya shige gidan yayan Herakaji. Kuma tun da aka sauke nauyin tayal, wannan gefen ya ɗago sama da kusan tafin hannu.

“In nan ya ɗago, can ya sauka ke nan,” in ji Lakpa. “Wa ke kwana a can?”

Herakaji ya san amsar. Mahaifiyarsu ce.

Da mahaifinsu ya rasu, an raba gidan yadda kowa ke rabawa a layin, daga ƙasa har sama, aka ja bangon bulo ɗaya ta tsakiya. Kowa ya tashi da faɗin taku bakwai da matakala kamar tsani. Har tagar katako mai sassaƙa ta gaban gida sai da bangon ya raba ta biyu. Shekara shida ke nan rabon da Herakaji ya yi magana da yayansa Nhuchhe, tun rigimar bututun ruwa, kuma tsohuwar tana gefen yayan. Yanzu ɗan Herakaji zai dawo daga Doha da amarya nan da wata huɗu, ya kuma faɗa a waya cewa ba zai kawo ta gidan da ake wanka a tsakar layi ba. Shi ya sa ake son ginshiƙan kankare, da ƙarin hawa guda, da banɗaki.

Timila, matar Herakaji, ta leƙo daga matakala da butar shayin leburori. Da ta ji bayanin, ta ce takardar rabo ba ta ce rabin gungumen na wani ne ba, abin da ke gefensu nasu ne, a yanke. Ta tuna masa ranar da Nhuchhe ya toshe musu ruwa ana tsakiyar biki.

“Ka je ka gaishe shi mana,” ta ce. “Ka tafi masa da fure ma.”

Ya sauka hawa huɗu, ya fita layi, ya yi taku uku, ya tsaya a ƙofar da ke manne da tasa. Nhuchhe yana zaune a shagon ƙasa yana goge wani ƙaramin kwanon tagulla, gilashi a kan hanci. Bai ɗago ba.

“Yaya, ina son in hau sama in duba gungume.”

“Attajirin layi ya sauko. An gama ɗaga gidan har gajimare?”

Herakaji ya shanye gorin, ya faɗa masa abin da magini ya gani. Nhuchhe ya ce rufinsa lafiya lau, shekara ɗari yana nan, ba ya buƙatar likita daga maƙwabta. Amma hannunsa ya daina gogewa. Ana haka sai wani ƙara ya zo daga sama, kamar an taka busasshen kara, ƙura ta biyo matakala. Herakaji ya ture shi ya haye.

A ɗakin girki na sama ya sami mahaifiyarsu, kwance kan tabarma kusa da murhu, ƙasa ta zubo mata a bargo. Ta rame fiye da yadda yake hango ta ta taga. Ya ɗaga kai. Ƙarshen gungumen, inda ya kamata ya zauna cikin bangon maƙwabta, ya ruɓe ya zama gari. Gora biyu aka tokare shi da su, ɗaya ta lanƙwashe. Duk shekarun nan nauyin rufin Herakaji ne ke riƙe da na yayansa, kamar ma'aunin 'yan kasuwa, shi kuma da safen nan ya kwashe nasa nauyin.

“Tun yaushe?” ya tambaya.

Nhuchhe, da ya iso bayansa yana numfashi sama-sama, ya ce tun shekarar girgizar ƙasa. Ya ce ya yi niyyar gyarawa, aikin tagulla ne ya ja baya, ido kuma ya fara ba shi matsala.

“Ka ga ana shigo da ƙarfe gidana sati biyu, ba ka ce komai ba.”

“In ce me? In zo ƙofarka?”

Tsohuwar ta buɗe ido ta dubi Herakaji, ta kira shi da sunan mahaifinsu, ta tambaya ko an kawo shinkafa. Su biyun suka ɗauke ta cikin bargon, Herakaji ta kai, Nhuchhe ta ƙafa, suka sauko da ita hawa ɗaya suna gogar bango. Ba ta fi nauyin buhun gawayi ba.

Aka kira Lakpa. Ya duba, ya daki gorar, ya girgiza kai. Ya ce hanya ɗaya ce mai kyau: a kafa ginshiƙi daidai kan layin rabo, wanda zai ɗauki gidajen biyu. Sai dai dole a rushe bangon tsakiya daga sama har ƙasa, a zauna wata uku ana kallon tukunyar juna. Herakaji ya ce ya yarda, aikin duka a kansa.

“Ba za a taɓa bangon nan ba,” in ji Nhuchhe.

“Yaya, rufin zai faɗo.”

“Ban roƙe ka komai ba. Ka yanke gungumenka, rabinka ne.”

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Herakaji ya juya ya sauka.

Da ya koma gefensa, leburori na zaune suna jiran umarni, Timila na tsaye da hannu a ƙugu. Ya ce a mayar da tayal. Lakpa ya ce ai an jefo su ƙasa, fiye da rabi sun farfashe, sauran ba za su kai nauyin ba. Ana buƙatar abu mai nauyi a kan gungumen kafin la'asar. Abu mai nauyi guda ɗaya ne a gidan: buhunan simintin da aka jibge a ƙasa don ginshiƙai.

“Ruwa na zuwa,” in ji Lakpa. “Ko an rufa leda, danshi zai mai da su dutse.”

Timila ta tambaye shi me zai faɗa wa ɗansu. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya sauka ƙasa, ya sunkuya, ya ce a ɗora masa buhun farko a baya.