Ranar da Baba Ya Tsaya a Tafki

Da na kafa ƙyauren ƙarfe a bakin hanyar tafki, mahaifina ya yi makonni bai yi mini magana ba.

Sunansa Elwood Sooy. A wannan daji na kudancin New Jersey aka haife shi, cikin farin rairayi da gajerun itatuwan fayin, a nan ya ƙona gawayi yana saurayi, a nan ya yi farautar barewa har gwiwoyinsa suka gaji. Da aka mai da dajin gandu, ni 'yarsa Darlene aka damƙa wa riƙonsa.

Ba don shi na kafa ƙyauren ba. Wasu samari ne daga birni suka mai da tafkin filin wasa. Duk Asabar sai su zo da akori-kura masu manyan tayoyi, su afka ruwa, su yi ta juyi har gurin ya koma kunun laka. Ƙananan kwaɗin nan masu launin ganye, da ake tasowa daga nesa don a ji kukansu, suka yi tsit. Furannin bakin ruwa kuwa ko alamarsu.

Na kai wa Baba makulli har gida. Ya dube shi kamar na miƙo masa mataccen ɓera.

"Wato yanzu ni baƙo ne, sai 'yata ta ba ni izini."

"Baba, ba haka ba ne."

"Ɗauki abinki. Kakanki bai shiga dajin nan da makulli ba."

Daga ranar ya bar motarsa a gida. Da sandarsa yake zagaye ƙyauren ta cikin sarƙaƙiya, ya taka har tafki.

Wata Asabar da hantsi ina zagayawa da baƙi, tsofaffin mata ne na wata ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, kowacce da madubin hangen nesa a wuya. Shugabarsu, Madam Rosalind Kuchta, tana tambayata dalilin da ya sa muke cinna wa dajin wuta da gangan, ina cikin gaya mata cewa fayin ba ya sakin irinsa sai ya sha zafi, sai muka ji rugugin injuna daga wajen tafki. Na kira 'yan sanda, suka ce suna nesa amma suna tafe. Na ce wa matan su jira ni a inuwa. Ko ɗaya ba ta jira ba.

Samarin sun ɗaura wa ƙyauren sarƙa sun fizge shi. Da muka isa tafki, motocin sun yi layi a siririyar hanya, ta gaba ta riga ta sa tayoyinta a ruwa. A gabanta kuwa, ruwa har gwiwa, ga Baba tsaye da sandarsa, bokitin 'ya'yan itacen da ya tsinko rataye a hannu.

Direban ya leƙo ta taga, wani jibgegen yaro mai jan gemu.

"Kai tsoho, matsa! Ko kurma ne?"

"Ina jin ka sarai, yaro. Muryar taka ce ba ta da daɗi."

Na baya suka fashe da dariya. Mai gemun ya taka totur, motar ta yi gurnani, ta matso har ruwan ya fantsama wa Baba a ƙirji. Baba ya ɗaga sanda ya ɗora bakinta a kan hancin motar.

"Taho mana. Ai tayar taka ta fi ni tsawo."

"Dajin ubanka ne?"

"Ƙwarai kuwa. Kabarinsa ma yana bayan wancan tudun, in kana son ku gaisa."

Ban san lokacin da na shiga ruwan ba, da takalmin aiki da komai. Na tsaya kusa da Baba. Bai dube ni ba, sai dai ya ɗan matsa ya ba ni guri.

Na ce, "Ni ce mai kula da gandun nan. Babu motar da za ta wuce."

"Ke da wa?"

Sai na ji facal-facal a bayana. Madam Rosalind ce ta naɗe wandonta, ta riƙe takalma a hannu. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, suna ƙorafin sanyin ruwa, wata tana riƙe da kafaɗar wata. Muka yi sahu daga wannan gefe zuwa wancan. Madam Rosalind ta ɗaga madubinta ta saita fuskar direban, alhali tsakaninsu bai kai taku biyu ba.

"Wannan wane irin tsuntsu ne, Darlene? Ban taɓa ganin mai baki haka ba."

Abokansa ne suka fara ja da baya. Hanyar ba ta juyuwa, dole kowa ya koma da baya-baya, rassan fayin suna karce musu fenti. Shi mai gemun ya yi da fushi, ya sauka daga hanya, tayoyinsa suka nutse a rairayi har gindi. Ya yi ta taka totur, motar tana ƙara binne kanta. Abokan ba su tsaya ba.

Can ya fito, ya sunkuyar da kai ya ce ko muna da shebur.

Baba ya zauna a kan kututture, wandonsa yana ɗiga, ya miƙa wa matan bokiti kowa ta ɗiba.

"Hannu biyu Allah ya ba ka," in ji shi.

Yaron yana tona da hannu 'yan sanda suka iso. Bayan sun gama da shi, ɗayansu ya ce wa Baba ya shiga mota a kai shi gida kada sanyi ya kama shi. Baba ya ce shi ba a taɓa ɗaukarsa a motar 'yan sanda ba, kuma ba yau za a fara ba. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗora hannu a kafaɗata, muka kama hanya a ƙasa, takalmanmu suna ta fitar da ruwa.