Kazar Tagwai Mai Ɗori

Ranar da bajimi ya take ƙaurin Jamaluddeen, Halima tana tsaye aka ɗauko mijinta, ƙashi ya huda fata ya leƙo waje. Ƙannensa ba su nemi shawarar kowa ba, suka aza shi a babur sai Zonkwa, gidan Tagwai mai ɗori.

Tagwai yana da al'adar da ya gada. Ya kama kaza a gabansu, ya karya mata ƙafa ƙas, ya ɗaure ta da kara kamar yadda ya ɗaure ta majinyacin. Ranar da kaza ta taka, a cewarsa, ranar mutum zai taka. Daga nan kowa ya koma kallon kaza, har dawa ake watsa mata da safe, ƙafar mutum kuwa ta kumbura tana wari.

Tsoro ya kama Halima, ta kira Dinah, wata nas daga Kafanchan da ta saba sayen nono a wurinta. Dinah ta ɗaga tsumman, ta toshe hanci.

"Maman yara, ku kai shi asibiti yau. Kumburi kamar wannan yana tura saƙo cikin jini, saƙon yana tada wasu ƙwayoyi na jiki masu cin ƙashi. Masu gina ƙashi kuma su tsaya da aiki. Ƙashin yana cinyewa ta ciki."

Ƙannen suka ce mace mai allura ba ta san ɗori ba.

Bayan 'yan makonni sai ga kaza ta warke, tana guje-guje a tsakar gida. Tagwai ya washe baki. "Kaza ya taka! Ku tada shi."

"Baba, don Allah a bar shi," in ji Halima. Babban ƙanen ya ture ta, ta faɗi kan turmi, leɓenta ya fashe. Su biyu suka cicciɓi Jamaluddeen yana ihu yana cizon hannunsu, Tagwai ya danna tafin ƙafar a ƙasa da ƙarfin tsiya, ya ce a sake shi.

Ko ƙara ƙashin bai yi ba. Ya marmashe kamar itacen da gara ta ci, ƙafar ta lanƙwashe, jini da mugunya suka tsartu a rigar Tagwai. Halima ta rarumi taɓarya ta maka wa Tagwai a kafaɗa, ta sake ɗagawa, da ƙyar aka ƙwace.

A asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Mutumin da yake kora shanu har Kauru da ƙafarsa ya dawo ruga a kwance, kazar kuma ɗaure a bayan babur, don Tagwai ya rantse ba za ta kwana a gidansa ba.

Da Halima ta gan ta tana tona a ƙofar bukka, baƙin ciki ya rufe mata ido. Ta damƙe ta, ta kama ƙafar za ta karya.

"Sake ta," in ji Jamaluddeen daga kan tabarma. "Ita ta warke."