Garin Taba a Layin Gawa

Hantsi ya ɗaga amma rana ba ta fito ba, sai yayyafi mai sanyi da ke gangarowa daga Dutsen Kenya tun asuba. Mata na cikin ramin da ake tilasta musu haƙawa kewaye da ƙauyen, don kada wani ya kai wa 'yan tawayen Mau Mau abinci a daji, sai aka busa usur aka ce kowa ya nufi kasuwa.

Nyakairu ta ajiye fartanyarta ta bi sahu. Ba wanda ke kiranta da wannan sunan. Kamar kowace mace a ƙasarsu, da sunan ɗan farinta aka san ta: Uwar Kibiru. Duk lokacin da hukuma ta tambaya, cewa take Kibiru yana Nairobi yana wa wani Ba'indiye kuku. Mutanen ƙauye sun san yana daji tare da 'yan Mau Mau, sun dai yi gum.

A kasuwa Di'o, Baturen da ke mulkin gundumar, yana zaune cikin mota don kada ya jiƙe. Sojoji baƙar fata na tsaye da hular ruwa, 'yan gadin hukuma da aka kawo daga wata gunduma suna riƙe da sanduna, talakawa kuwa aka ce su tsuguna cikin taɓo. A tsakiya ga gawar mutum kwance, gashi ya dunƙule har kafaɗa, da rigar fatar dabba.

Tafintan Di'o ya ce za a wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dubi fuskar. Gidan da aka gano mamacin nasu ne za a ƙone shi, a karɓe gonar, a kwashe manyan zuwa sansanin tsare mutane. Nyakairu ta tuna surukarta da jikokinta biyu da ke ɗaki ɗaya da ita.

Tun daga nesa ta ga tafin ƙafarsa ta hagu. Tabon ƙunar nan ne, na ranar da Kibiru yana rarrafe ya tuntsurar da tukunyar kunu. Ita ta shafa masa kitsen rago har ya warke. Ta ce wa kanta ai dubawa ce kawai, ta duba ta wuce. Amma idanunta sun riga sun fara ɗumi, ga wani ɗan gadi a kan gawar ba abin da yake kallo sai idanun mata.

A bayanta Wamuyu ce, maƙwabciyarta, wadda ɗanta ya shiga aikin gadin hukuma a garin Karatina. Tun daga lokacin ko gaisuwa ba sa yi. Nyakairu ta san idan bakin Wamuyu ya kira ta da sunan da aka saba, ko ya yi mata ta'aziyya da gangan, shi ke nan.

Saura mace uku a gabanta hawayen farko ya gangaro. Sai ta ji an fizgi mayafinta.

"Ke tsohuwa, yi gaba mana, kin tsaya kamar an dasa ki," in ji Wamuyu. Ta buɗe 'yar ƙoƙuwar garin tabar da ke rataye a wuyanta kamar za ta shaƙa, ta yi tuntuɓe, ta watsa wa Nyakairu rabinsa a fuska.

Atishawa ta kama Nyakairu, ido da hanci suna zuba. Ɗan gadin ya tuntsire da dariya, ya ce tsofaffin nan ko a gaban Bature ba sa barin taba. Wamuyu ta shiga mita, wai an ɓarar mata da taba mai tsada.

Haka Nyakairu ta iso gaban ɗanta tana kuka a fili, ba wanda ya ce mata kanzil. Ta ga ya rame, ta ga ruwa na taruwa a gurbin idonsa. Hannunta ya so ya share, ta matse shi a cikin mayafi. Tafinta ya tambaye ta ko ta san shi.

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

Ba a ba kowa gawar ba. Aka jefa ta bayan mota, aka busa usur, mata suka koma rami. Nyakairu ta ɗaga fartanya ta kasa saukewa. Wamuyu ta matso ba tare da ta dube ta ba, ta fara haƙa wurin da aka yanka wa Nyakairu.